Yadda Na Je Sifen Koyon Tambayar Mara Lafiya

Tun da na dawo ban huta ba. A asibiti tambaya, a gidan suna tambaya, ko kasuwa na shiga sayen kayan miya sai mai tattasai ya ce, "Sista Saude, ashe Turai kika je ba sallama?" Labarin ma ya rabu kashi-kashi a Safana. Wasu sun ce karatun likita na tafi, na kasa, na dawo. Samarin unguwarmu kuwa sun yanke cewa ƙwallo na je kallo, tun da a saninsu ba abin da ke kai mutum Sifen sai ita. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Safana. Asalin tafiyar kuwa daga yayata ne, Yaya Asabe, wadda ke zaune a Darini ta ƙasar Batsari wurin babban ɗanta tun rasuwar mijinta. Shekarun baya ta fara haki. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango, ƙafafunta suka riƙa kumbura. Mun yi maganin asma har mun gaji, sannan na kai ta Katsina wurin wata likitar zuciya, Dokta Bilkisu. Ita ta gano cewa hawan jinin huhu ne. Wannan daban yake da hawan jinin da kowa ya sani, wanda ake aunawa a dantse. Hanyoyin jinin da ke tsakanin zuciya da huhu ne suke tsukewa, zuciya ta yi ta turi kamar mai tura motar da ta maƙale a yashi, mutum kuma numfashi ya riƙa gagararsa. Ba a cika warkewa ba, sai dai a lallaɓa da magani.

Duk zuwan da muka yi, Likita za ta ce, "Mama, yaya jiki?" Yaya Asabe ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ko da ɗauko ta muka yi ranga-ranga, amsar ke nan.

Wata rana Likita ta kira ni a waya. Ta ce akwai wata takardar tambayoyi da aka tsara da Turanci domin masu wannan ciwo, a gane yadda yake taɓa zamansu na yau da kullum, kuma ko magani na rage masu wahala. Likitocin Sifen suna juya ta zuwa yarensu, sun kuma gayyaci mutane daga wasu ƙasashe su zo su ga yadda ake aikin, kowa ya koma ya yi da nasa harshen. Ta ce, "Sista, ni a Kaduna na girma, Hausata rabi Turanci ce. Ina son wadda ta tashi cikin mutanen da za mu tambaya. Za ki raka ni?"

Da na gaya wa maigidana, Malam Lawal, wanda ke koyarwa a Islamiyya, sai ya ajiye littafin da ke hannunsa ya dube ni. Ya ce, "Wato jirgi za ki hau, ki ƙetare teku, don ki koyo yadda ake ce wa mutum yaya jiki?" Na ce kusan haka ne. Ya ce, "Da kin tambaye ni, da na koya miki a nan zaure." Amma da ya ji cewa ƙasar ita ce Andalus ta cikin littattafai, sai ya fi ni ɗoki. Har maƙwabta ya riƙa gaya wa cewa iyalinsa za ta Andalus, kamar shi ya aike ni.

Wahalar farko a Abuja na sha ta, wurin neman biza. Ban san ana ɗaukar hoton yatsa ba, ga shi na sha lalle na bikin 'yar ƙanwar Malam, yatsuna baƙi ƙirin. Na'ura ta ƙi ni. Na goge, na hura, na sake ɗorawa, ta ƙi. Ma'aikaciyar ta kama hannuna tana jujjuyawa, ta ce wane ne ya ƙona ni haka. Likita tana gefe ta toshe baki da mayafi. Sai da aka gwada yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin na'urar ta yarda cewa ni mutum ce.

Da tafiya ta matso na biya ta Darini yin sallama. Daga Safana na shiga a-kori-kura tare da buhunan gyaɗa zuwa Batsari, da hantsi, don kowa ya san hanyar nan ba a bin ta da yamma yanzu. Daga Batsari na hau babur. Na tarar da Yaya Asabe a kan tabarma ta jingina da turmi. Na yi mata bayanin abin da zai kai ni, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To su Turawan, ba su da tsohi a gida da za su koya masu gaisuwa?" Ta sa surukarta ta ɗaure mini ƙullin daddawa da yaji da ƙuli-ƙuli, ɗanta kuma ya ƙaro kilishi daga Batsari. Ta ce, "Tahi da su, Auta. An ce abincinsu ba ya da gishiri." Da zan tashi na ga tana son ta raka ni ƙofar gida, ta yunƙura, sai ta koma ta zauna ta ce rana ta yi zafi. Abin ya tsaya mini a rai har Katsina.

Daga Kano muka tashi, muka canja jirgi a Alƙahira. Ban taɓa hawa jirgi ba, saboda haka da ya fara gudu sai na kama hannun wanda ke kusa da ni, ina zaton Likita ce. Ashe wani dattijon Balarabe ne. Bawan Allah bai janye ba sai da muka daidaita a sama, sannan ya zare hannunsa a hankali yana murza yatsu.

A Madrid jami'in shige da fice ya tambaye ni da Turanci abin da ya kawo ni. Na ce taro. Ya ce na mene ne? Na ce na tambayoyi. Ya ɗago kai ya ce wa za a tambaya? Na ce marasa lafiya. Ya ce to ni ce mara lafiyar? Nan Likita ta miƙo takardar gayyata, ya buga hatimi. Mun ɗauki jakunkuna ke nan sai ga wani kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna daram a gaban jakata. Na yi salati na ja baya. Jami'ai biyu suka zo suka buɗe jaka. Kilishi dai suka ce ba ya shiga ƙasarsu, suka ɗauke shi ina kallo. Da suka kwance daddawa, su biyu suka ja da baya tare, suka kira na uku. Likita ta yi ta bayani cewa 'ya'yan itace ne, ba nama ba. Ɗayan kuma ya kai hanci cikin ƙullin yaji ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Atishawar da ya yi ta jerawa ita ta cece mu, don da hannu ya yi mana alama mu kwashe kayanmu mu tafi.

Wadda ta tarbe mu Marta ce, ma'aikaciyar jinya kamata, ita ke kula da baƙin taron kuma ita ke mana tafinta. Gajeriya ce mai saurin magana. Tana ganina ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu, dama da hagu, alhali ko sunana ba ta gama sani ba. Haka suke gaisawa. Da baki kuwa kalma ɗaya ce, "Ola," shi ke nan an gama. Ba ina kwana, ba ina gida, ba yaya yara. Mu muna ɓata rabin safiya a gaisuwa ba mu taɓa juna ba, su sun taɓa fuska amma ba su tambayi kowa naka ba. Washegari wani babban likita mai furfura ya nufo ni da irin wannan niyya, na yi maza na dafe ƙirji na rusuna. Ya tsaya cak da wuyansa a miƙe, sannan shi ma ya dafe ƙirji ya rusuna. Har muka baro ƙasar, duk inda ya hango ni sai ya durƙusa kamar mai gaida surukai.

Masaukinmu wani tsohon gida ne mai hawa da yawa, an ba mu ɗaki can sama. Akwai lif, amma ɗan ƙarami ne mai ƙofar ƙarfe, yana ƙara kamar injin niƙa. Na ce ni dai ba zan shiga akwatin nan ba, ƙafata ta ishe ni. Likita ta shige abinta, ni na kama matakala da jaka a ka. Kafin in kai rabi na zauna ina haki, zuciyata na bugawa har a kunne, sai kuma fitilar matakalar ta mutu da kanta, don haka suke yin ta, in ba ka sake danna ta ba. Da na isa, Likita ta dube ni ta ce, "Sista, gobe a cikin marasa lafiya zan rubuta sunanki." Na yi dariya, amma ina kwance ina maida numfashi sai na tuna cewa abin da na ji na ɗan lokacin nan, shi Yaya Asabe ke ji in za ta kewaya. Daga ranar na shirya da lif.

Abu ɗaya na yaba masu: a banɗakinsu akwai wani ɗan kwano mai famfo kusa da masai, na tsarki. Na ce ashe sauran tarbiyyar Andalus ba ta ƙare ba, zan gaya wa Malam. Salla ce ta rikita ni, don lokacin zafi muka je, rana ba ta faɗuwa sai lokacin da a Safana an daɗe da yin isha'i. Su kuma sai sannan suke tunanin abincin dare. Da rana tsaka kuma ƙananan kantuna su rufe, masu su su tafi cin abinci da hutawa, ko da kana tsaye da kuɗinka a hannu.

Abinci kuwa sai da Marta ta tsaya mana, don cinyoyin alade a rataye suke a shaguna kamar yadda mahauta ke rataye na rago a kasuwar Batsari. Kifi da ƙwai da shinkafa muka riƙe. Suna da wata wainar ƙwai mai kauri da dankalin Turawa a ciki, wadda na ci har na ji kunya. Amma ranar da aka kawo mini miyar tumatir a kofin gilashi, da sanyinta kamar daga firiji, sai na kira mai kawo abincin na roƙe shi a asirce ya ɗumama mini, kada masu gida su ji kunya. Ya kalli Marta, Marta ta kife kai a tebur. Ashe haka ake shan ta. Na barbaɗa yajin Darini na shanye, na ba Marta ta ɗanɗana, ta sha ruwa kofi biyu tana fifita baki.

Aikin da ya kai mu a wani ɗakin taro na asibiti ake yin sa. Ni a zatona mutum ɗaya mai jin Turanci da Sifaniyanci zai zauna ya juya takardar kafin azahar. Ashe ba haka ba ne. Takardar gajerun jimloli ce, irin "Ina gajiya da wuri," ko "Numfashina na ɗaukewa in na hau matakala," mara lafiya ya ce haka ne ko ba haka ba ne. Da farko masu jin harsunan biyu suka zauna suna musu a kan kowace jimla. Bayan su aka kawo mutanen gari waɗanda ba su jin Turanci ko kaɗan, cikinsu har da mai aski da wata tsohuwa mai sayar da kifi, aka karanta masu, aka ce duk abin da ba haka ake faɗinsa a gida ba su gyara. Daga nan sai marasa lafiyan kansu. Su mutanen Sifen in suna musu gaba ɗaya suke magana, hannuwa na tashi sama, kamar mata a gidan biki an ce goro bai kai ba. Na ɗauka faɗa ne, sai in ga sun fashe da dariya sun tafi shan kofi.

Akwai wata likita da ta zo daga Meziko, inda su ma Sifaniyanci suke yi. Ana karanta wata jimla a kan ɗaukar kaya sai ta rufe fuska da takarda, kafaɗunta na rawa. Marta ta raɗa mini cewa kalmar da mutanen Madrid ke nufin ɗauka da ita, a Meziko batsa ce wadda ba a faɗa gaban manya. Aka canja kalmar. Sannan aka shafe wuni guda a kan wata kalma, fatiga. Wasu suka ce gajiya ce, wasu suka ce haki, tsohuwa mai kifi kuma, wadda asalinta 'yar kudancin ƙasar ce, ta ce a garinsu tashin zuciya ke nan.

Babban likitan nan mai rusunawa ya juyo ya tambaye mu ko a Hausa kalmar gajiya za ta ba da wahala. Likita ta zungure ni. Na miƙe na ce kalmar ba ta da laifi, amma a wurinmu gaisuwa ce. Ana cewa ina gajiya, kuma tun da aka halicci Bahaushe amsa ɗaya ce, ba gajiya, ko da mutum ya wuni yana huɗa. Na ƙara da cewa a ƙauyukanmu na yamma in ka ce mutum shina kwana, barci yake yi, a Kano kuwa sai a ce a gidan wa. Marta ta fassara, ɗakin ya ɗauki dariya. Tun daga ranar kowace safiya sai ta tare ni da "Ina gachiya?" in ce ba gajiya, ta ɗaga yatsa ta ce, "Ƙarya!" Kalmar ma ni na koya mata, na jawo wa kaina.

Ranar da aka fara zama da marasa lafiya, Marta ta nemi izinin wani dattijo in zauna a gefe in saurara, ya yarda. Sunansa Manuwel, ni kuwa Baba Manu nake ce masa. Tsohon direban bas ne, ya shigo yana jan tukunyar iskar numfashi a kan 'yar keke, robar na hancinsa. Ya nuna ta ya ce ga karensa, tun da kowa a Madrid na yawo da kare a igiya, shi ma ya samu nasa, kuma nasa ba ya haushi. Matarsa Karmen na biye da shi da jaka. Marta za ta karanta jimla, kafin ya buɗe baki Karmen ta amsa. "Yana barci sosai." "Ba ya cin gishiri." "Wannan ba ya damunsa." Shi kuma yana ɗaga gira yana kallona, kamar mai cewa kin gani ko. Na ce a raina, ashe wannan ma ba mu kaɗai ba ne, don a asibitinmu mutum biyar ke rako mara lafiya, kuma duk su biyar sun fi shi sanin inda ke masa ciwo.

Da aka zo wata jimla, Marta ta ɗan rage murya. Ta ce, "Ina jin na zama nauyi ga iyalina." Karmen ta ce wace irin magana ce wannan, a tsallake ta. Baba Manu ya taɓa hannunta ya ce maƙogwaronsa ya bushe, ta taimaka ta sayo masa ruwa a ƙasa. Sai da ƙarar takalminta ta ɓace sannan ya ce, "Haka ne. Rubuta haka ne." Ya ce matar nan ta bar zuwa ganin jikokinta a wani gari saboda shi, kuma ba ta taɓa faɗa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ya ce kalmar da suka sa wa nauyin ta yi kama da ta kayan da ake lodawa a mota, amma kada su canja ta, don daidai take. Karmen ta dawo da ruwa, ya karɓa ya ce ta daɗe, ko ta tsaya zance da samari ne. Ta buge shi da jaka a kafaɗa.

A hanyar komawa masauki Likita ta ce lafiya? Na ce ina lissafi ne, tun da Yaya Asabe ta kwanta ciwo ban taɓa zama da ita mu biyu kaɗai ba. Kullum da ɗanta, ko surukarta, ko ni kaina ina amsa mata.

Kafin mu taho muka zauna da Marta muka fara gwada jimlolin da Hausa, don mu ga inda za su ƙi. Matakala ce ta fara ba mu matsala, don duk Darini ba bene. Zuwa kanti sayayya ma haka. Muka rubuta ɗaukar tulu, da daka, da tsayuwar salla, muka bar su a kan sai mun tara mutanenmu sun gyara mana, kamar yadda muka ga an yi. Ranar rabuwa Marta ta ba ni kwalbar man zaitun, ni kuma na bar mata sauran ƙuli-ƙuli, na gargaɗe ta da haƙoranta. Wannan karon ni na fara sumbatarta, dama da hagu, Likita na cewa za ta kai rahoto Safana.

Na kwana biyu a gida, na ba Malam labarin Andalus iya abin da na gani, wanda bai kai abin da ya karanta ba, sannan na kama hanyar Darini. Na tarar gidan cike, an zo taya ni barka da dawowa. Bayan an ci an sha, na ce wa surukar Yaya Asabe ina marmarin fura mai sanyi daga can bakin kasuwa, ɗanta kuma na ce Malam na son a duba masa farashin gero a Batsari. Yaya Asabe na kallona ta wutsiyar ido har gidan ya yi shiru. Ta ce, "Auta, wannan korar mutane ita kika koyo a Turai?"

Na ce gwaji nake so mu yi, zan faɗi magana, ta ce mini haka ne ko ba haka ba ne, kuma ban da alhamdu lillahi, mun riga mun gode wa Allah tun a gaisuwa. Ta ce, "Allah ya shirye ki." Amma ta gyara zama.

Na ce, "Ba na iya ɗaukar tulu." Ta ce haka ne, kuma ko da lafiyarta ba ta ɗauka tun da ta yi suruka. Na ce, "Ina salla a zaune." Ta ce haka ne, amma sai ta tura ƙofa, kada jikoki su gani su ɗauka haka ake yi. Na ce, "Ina jin na zama nauyi ga iyalina." Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ta ce, "Wa ya gaya masu?" Na ce wani direban bas ne a Madrid. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Muka bi sauran jimlolin, wasu ta amsa, wasu ta ce wannan ba Hausa ba ce, in sake. Da na ce sun ƙare sai ta ce, "Shi ke nan? Ba su tambayi guɗa ba?"

Na ce wace guɗa?

Ta ce, "Ke da kike 'yar gida kina tambaya? Wa ya yi maki guɗa ran da aka kai ki Safana?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk Darini da kewaye, in an haihu ko an kawo amarya, Yaya Asabe ake aika wa. In ta kama hanci ta rangaɗa, har masu kiwo a bayan gari sun san an samu ƙaruwa. Ta ce watan jiya jikarta ta fari ta haihu, aka miƙo mata jaririn, mata suka yi shiru suna jiranta kamar yadda aka saba. Ta ja numfashi, bai zo ba. Sai ta yi kamar tari ne ya sarƙe ta, wata ta karɓa. Ta ce, "Kumburin ƙahwa ban damu da shi ba, Auta. Amma wannan, kwana na yi ina kuka, ba wanda ya sani."

Sai na ce to ta koya mini, in ya so duk sunan da za a yi ni zan riƙa yi a madadinta, tana zaune a gefena. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in gwada ta ji. Na kama hanci, na cika ƙirji, na saki iya ƙarfina. Kajin da ke tsakar gida suka watse, akuya ta amsa daga turke, wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya wa kunama ta harba.

Yaya Asabe ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, dole na tallafe ta na jira numfashinta ya dawo. Da ta samu kanta ta share hawaye ta ce, "Ki dai rubuta masu guɗa a takardar taku. Amma ke, don girman Allah, kada ki yi ta a gaban mutane sai na ce kin iya. Sake kama hancin. Ba nan ba, sama kaɗan."